Yadda Za Ka Mai da Fadama Mai Ruwan Kwance Ta Zama Garka

Ya kai manomin auduga, ka sani auduga ba ta shiri da ruwan kwance. Shi ya sa ka bar wa ciyawa da kwaɗi ƙasan gonarka, inda ruwa ke tsayawa har bayan kaka. To, wurin nan ya fi tudu ƙarfi, gama duk takin da ruwan sama ya kwaso nan ya sauke shi. Abin da ya hana shi amfani ɗaya ne: saiwar shuka tana bukatar iska, in ruwa ya cika ƙasa sai ta ruɓe.

Ka fara da kallo. Ƙarshen damina ka zaga wurin bayan an yi ruwa, ka ga inda ya shigo da inda yake neman fita. Sa'an nan ka haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka bar shi ya kwana. In ka iske ruwa a ciki da safe, lalle wurin yana son magudana.

Haƙar magudana daga gangare ake soma ta, a yi sama, don ruwa ya riƙa tafiya kana aiki. Ka kwantar da bakinta, in ka yanke shi a tsaye zai zube. Ƙananan hanyoyi su zo su haɗu da babbar. Amma kafin ka ɗaga magirbi ka sami maƙwabcinka na ƙasa da maigari ku yi shawara, gama ruwan da ka kora wani wuri zai sauka, rigimar fadama kuwa ba ta ƙarewa da wuri.

Ƙasar da ka fitar kada ka watsar. Da ita za ka ɗaga fangali, ka gauraya da ruɓaɓɓen takin shanu. Inda ka ga ƙasa ta yi farin ɓawo kamar kanwa, gishiri ne, ka tsallake wurin bana.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa: ruwan da ka kora a Oktoba shi za ka nema a Fabrairu. Saboda haka da ƙasa ta tsane, sai ka toshe bakin magudana da laka, ka buɗe in damina ta kusa.

Albasa, tumatir, kabeji da salak duk suna yi. Dubi mutanen Galmi, a jihar Tawa, albasarsu har Gana da Kwaddibuwa ake kai ta. Irin albasa yakan yi kwana 40 zuwa 50 kafin dashe. Watau in ka yafa shi farkon tsinkar auduga, dashe zai zo aiki ya yi sauƙi.

Ragowar maganin feshin auduga kuwa, kada ka kai shi garka, ko galan ɗinsa kada ka ɗebi ruwan ban-ruwa da shi. Auduga ba a cinta, salak kuwa ɗanye 'ya'yanka za su ci. In tsutsa ta kama kabeji, ka tambayi malamin gona maganin da ya dace da kayan lambu, da kwanakin da za ka jira kafin ka yanka.