Wace Mota ce Ta Fi Kisa a Titunan Abuja?

Duk wanda ya duba alƙaluman da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tattarawa, Hukumar Ƙididdiga kuma ta fitar duk bayan wata uku, zai tarar ƙananan motoci ne a sahun gaba cikin ababen hawan da suka yi hatsari. Daga nan sai wani ya yanke hukunci: ashe gara acaɓa. To, a yi hattara. Ƙananan motoci sun yi yawa a lissafin ne saboda su suka cika titi. Tsaya a AYA da yamma ka ƙirga abin da ke gangarawa Nyanya da Mararraba: kafin tirela ɗaya ta wuce, ƙananan motoci nawa suka shuɗe? Tambayar da ta dace ita ce, a cikin kowace tafiya dubu, nawa ke ƙarewa a asibiti ko maƙabarta.

In aka auna haka, babur ba abin wasa ba ne. Tun 2006, zamanin ministancin Nasir El-Rufa'i, aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni, amma a Kubwa, Lugbe da Gwagwa shi ne ƙafar talaka. Mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Ƙirjinsa ne gaban mota, hular kwano kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ga mai ita. Kuma yawancin faɗuwar babur ba ta shiga littafin kowa. A ɗauki mutum da karyayyar ƙafa, a wuce da shi wurin mai ɗori, shi ke nan, hukuma ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum kusan miliyan 1.19 da hatsari ke kashewa duk shekara, fiye da rabi masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Babbar mota kuwa lissafinta daban. Sau da yawa direbanta kan fita da ransa, waɗanda ke gefenta ne ke biyan farashi. A watan Maris 2025 wata ta ƙwace kusa da gadar Karu, ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar, wuta ta tashi, aka rasa rayuka. Wata biyu kafin nan, tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, sama da mutum 80 suka ƙone, akasarinsu masu ɗibar mai. A takarda, kowannensu hatsari ɗaya ne, daidai da tasi biyu da suka gogi juna a Wuse.

Don haka in kana gangaren Kugbo tirela na bayanka, ba ta hanya tun da wuri. Kada ka hau saman lodi don arha. In abu ya faru, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, kiran kuma kyauta ne.