Ƙuduji: Furen da ya fi kyau a gonakin Daura, shi ya fi cutar manomi

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba, duk wanda ya yi sammako ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua, ko ya nausa wajen Sandamu da Zango, zai tarar daji ya yi kwalliya. Bayan sallar asuba manoma suke fita, fartanya a kafaɗa, kare ɗaya ko biyu na gaba suna kutsawa cikin raɓa. A ƙasar nan ba don ado ake kiwon kare ba: gadin gona ne aikinsa, da rakiyar garke, da farauta idan rani ya shigo. Kafin a isa gona jikinsa ya cika da ƙarangiya, haka ma ƙafar wandon maigidansa.

Gefen hanya kuwa fure ne iri-iri. Tafasa da rai-ɗore sun yi rawaya, duman rafi ya shimfiɗu a bakin kududdufi, ga tumfafiya wadda ba ruwanta da rani ko damina. Sai dai mutumin karkara ba ya cika tsayawa kallon fure. Abin da yake tambaya shi ne amfanin tsiron: tafasa ta kwaɗo ce, karkashi da lalo na miya.

Akwai fure ɗaya da ke tsayar da shi cak, amma ba don sha'awa ba. A tsakiyar gero da dawa za ka hango wani tsiro siriri mai fure ja-ja da ya ɗan yi shuɗi, wani lokaci ya rufe gona kamar an shimfiɗa atamfa. Baƙo daga birni zai zaro waya ya ɗauki hoto. Wannan shi ne ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta, masana kimiyya kuma suna kiransa Striga.

Ƙuduji ba ya neman abincinsa da kansa. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 bai mutu ba. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Da ya ji, sai ya tsiro ya manne wa saiwar, ya riƙa zuƙe ruwa da abincin shukar. Makonni yake yi a ƙarƙashin ƙasa yana wannan aika-aika kafin ya leƙo waje. Shi ya sa manomi zai ga hatsinsa ya tsumbure, ganye ya yi kamar wuta ta lashe shi, alhali ruwan sama bai yanke ba. Lokacin da furen ya bayyana, an riga an yi mafi yawan ɓarnar. Kuma tsiro ɗaya kan zubar da iri dubbai masu yawa, ya bar wa baɗi gado.

Dalilin da ya sa ya samu wurin zama a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, gonaki sun tsufa, gado ya rarraba su har ba mai iya barin tasa ta huta, ga taki ya yi tsada. Ƙasar da ta gaji ita ƙuduji ya fi so, domin shukar da ke jin yunwar taki ta fi fitar da sinadarin da ke tada shi.

Maganinsa ba na rana ɗaya ba ne. Masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da cibiyar IITA mai reshe a Kano sun daɗe suna nanata abu uku: a ƙara wa ƙasa taki, a tuge ƙuduji kafin ya yi iri, a kuma riƙa sauya shuka. Gyaɗa, waken suya da auduga suna yaudarar irin ƙudujin hatsi ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu. Wake ma yana yin haka, sai dai shi yana da nasa ƙudujin daban, abin da ya sa aka samar da irin wake mai jure masa, kamar SAMPEA 10.

Tugewar ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wani zai tuge ya yar a kan kunya, alhali wanda ya riga ya yi fure yana iya ƙarasa nunar irinsa a nan inda aka yar da shi. Tarawa ake yi a ƙone.

Abin har gida yake bin mutum. A bayan ɗaki ko kusa da makwararar ruwa, matan Daura kan shuka kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa, ga zogale da lalle a jikin danga. Waɗannan ƙudujin hatsi bai dame su ba. Amma a gefen wannan ɗan lambu ake ɗaure awaki, a nan ake jibge kara da ciyawar da aka kwaso daga gona. Idan da busasshen ƙuduji a ciki, irinsa zai zube a turke ya gauraya da taki. Da bazara kuma a loda takin a amalanke, a mayar da shi gona.