Ko Kun Sani? Harafi Mai Kauri da Karkata

Harufan bugu masu karkata zuwa dama sun girmi masu kauri da kusan shekara 300. A birnin Benis na Italiya ne Aldus Manutius ya buga waƙoƙin Virgil a 1501 da harufa masu karkata, waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa masa a ƙarfe, yana kwaikwayon rubutun hannun malaman zamanin. Masu kauri kuwa sai a ƙarni na 19 suka bazu a Ingila, da masu talla suka fara neman rubutun da za a hango daga nesa.

Idan aka haɗa kauri da karkata a salo mai 'yan ƙafafu a bakin harafi, irin Times New Roman na 1932, sai rubutun ya yi nauyi amma ya zama kamar yana tafiya. Ku ƙura wa harafin 'a' ido: rumfar samansa ta ɓace, ya koma irin na rubutun hannu, f kuma ya zuro wutsiya ƙasa da layi. In ba ku ga haka ba, mai yiwuwa kwamfuta ce kawai ta tunkuɗe harafin, kuma ba ya kyau.

Wurin harafi mai kauri da karkata ƙaramin kan labari ne, ko jimla ɗaya da aka ciro don jan hankali. Cika shafi da shi gajiyar da ido ne. Ya kamata mai buga Hausa ya fara gwada ɓ, ɗ da ƙ, domin salo da yawa ba su da su. Salon Charis SIL yana da su.