Babbaƙu da Farfaru a Aji Ɗaya: Yaran Sharaɗa da Challawa da Bompai

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da yawa daga cikinmu in mun gama za a ba mu aji ɗaya ko aji biyu a unguwannin da ke kewaye da masana'antun Kano, watau Bompai wadda ita ce tsohuwarsu, da Sharaɗa, da Challawa ta ƙasar Kumbotso. Can ake jima, ana yin kayan roba, ana matsar mai. Iyayen yaranmu su ne ma'aikatan. Wani uban ya fita tun asuba, wani ya kwana wurin aiki, ba mai zama da yaro da dare ya biya masa karatu. Saboda haka abin da yaron nan ya samu a hannunmu, galibi shi ke nan abin da zai samu.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A shekarar 2019 an fara wani shiri mai suna KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, don koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida karatun Hausa da lissafi tun daga tushe. Ku duba fa, yaro ya shekara uku a makaranta, sa'an nan a komo da shi kan baƙaƙe! Irin wannan yaro in ya girma ya shiga majema, zai tsaya gaban durom na magani mai ƙuna, gargaɗi na rubuce a jiki, shi kuwa bai san abin da aka ce ba. Zai kuma dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba.

To, ina aka yi kuskure? Babban kuskure shi ne a fara wa yaro da sunayen baƙaƙe na Turanci, ana rerawa kamar waƙa. A Turanci sunan a shi ne "e", sunan e shi ne "i", sunan i kuwa "ai". Yaron da aka cusa wa wannan, in an rubuta masa "gida" sai ya tsaya sororo, gama sunayen da ya haddace ba su haɗuwa su ba da kalma. Ya iya waƙar, bai iya karatu ba.

Alhali kuwa hanya tana nan a makarantar allo, wadda yawancin yaran nan ke zuwa. Can ana fara wa almajiri da babbaƙu, ya san kowane harafi da siffarsa, ba guje ne ko mim jaye. Sa'an nan a shiga farfaru, a ɗora wasali, ya ji yadda baƙi ke motsi. Sai ya ƙware a nan kāna a sake shi ya karanta. Malaman allo ba su tsallake mataki, mu ma bai kamata mu tsallake ba.

Rubutun boko na Hausa ya ma fi sauƙin bi ta wannan hanya. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909 ake gyaransa, har aka kawo baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930. Wasula biyar ne tak, a, e, i, o, u, kusan kowane baƙi kuma sautinsa ɗaya. Ga yadda za a bi. A fara da wasulan nan da sautinsu na Hausa. Sa'an nan a ɗauki baƙi guda, a ce m, a tambayi yara kalmomin da suka fara da wannan sauti, su ce mota, masara, mangwaro. A aura shi da wasula, ma, me, mi, mo, mu. In an sami baƙaƙe uku ko huɗu, sai a haɗa gaɓoɓi su zama kalma: ma da ta, mata, ka da ma, kama. Ran da yaro ya haɗa kalmar farko da kansa, ran nan ya kama bakin zaren.

Rubutu kuwa tare yake tafiya da karatu. Baƙin da aka koya yau, a rubuta shi yau, a iska da yatsa, a ƙasa, kāna a takarda. A riƙa yi musu shifta kullum, ko kalma biyar ce. A lura da ƙugiya ƙwarai, a nuna musu cewa baki daban, baƙi daban, kasa daban, ƙasa daban. A kuma faɗa musu gaskiya cewa bokonmu bai nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin Kano da garin tuwo rubutunsu ɗaya, sai jimla ce ke raba su.

Wani zai ce ba littattafai, yara kuma sun yi yawa. Gaskiya ne, amma unguwannin nan ba su rasa kwali da murafun kwalba. A yanka kwali a rubuta gaɓoɓi, a raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace da wanda ya ɗan fi su a tsakiya, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo. Sai dai a yi hattara da allunan bakin hanya, gama da ƙa'idar Turanci aka rubuta yawancinsu. Ko sunan Challawa, a bokon Hausa c guda ya isa, ba sai an ƙara h ba.

Saura batun harshe. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshensa ko na garin da yake zaune, amma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi na tarayya ya ba da sanarwa cewa da Turanci za a koyar. Wannan bai hana mu amfani da darasin Hausa ba. Dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya mutum ke koyonta a rayuwarsa, ta kuwa fi saurin shiga da harshen da yaro ke ji. A Bompai akwai 'ya'yan Yarabawa da Ibo da Barebari, amma galibinsu da Hausa suke wasa a waje. Wanda ya iya karanta Hausa, in ya zo Turanci ya riga ya san cewa baƙi sauti ne, sai ya koyi inda suka bambanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu auna aikinmu da ƙarfin muryar aji in suna amsawa gaba ɗaya. A ƙarshen kowane zango a kira yara ɗai ɗai, a miƙa wa kowa jimlar da bai taɓa gani ba. Wanda ya karanta, alhamdu lillahi. Wanda ya kasa, a koma da shi farfaru tun bai wuce aji biyu ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu haƙurin aikin, amin.