Abin Da Ke Hana Wasannin Kwamfuta Tashi A Kan Linux, Da Maganinsa

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 dai ba ta yarda da na'urar da ba ta da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake saye a Ikeja ko Kano sun tsufa da ita. Saboda haka waɗansu suka koma ga Linux, watau manhajar nan ta kyauta da wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan cikin 1991, wadda kowa ke da ikon duba cikinta ya gyara.

Rubutu da lissafi da shiga intanet duk suna tafiya lami lafiya a kanta. Inda kuka ya fi yawa shi ne wajen wasanni. Mutum ya biya kuɗin wasa, ya ƙone data wajen sauke shi, ya danna, sai allo ya yi ƙyaf ya koma yadda yake, ba ko wata sanarwa. To, mai karatu, kafin ka goge Linux ko ka kai na'urarka kasuwa, ga bayanin abin da ke faruwa.

Aikin Tafinta

Galibin wasannin kwamfuta don Windows aka rubuta su, da harshenta suke magana. Linux kuwa ba ta jin wannan harshe sai da tafinta. Tafintan farko shi ne Wine, wanda aka fara aikinsa a 1993. Cikin watan Agusta na 2018 kamfanin Valve na Amurka, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya haɗa kai da kamfanin CodeWeavers suka fito da Proton, watau Wine da aka ƙara wa kayan aiki don wasanni. Babba cikin kayan nan shi ne DXVK, wanda ke juya umurnin zane na DirectX zuwa Vulkan, tsarin zanen da aka fitar a 2016. Da wannan hanya ce Steam Deck, 'yar na'urar hannu da Valve ya fitar a 2022, take gudanar da dubban wasannin Windows alhali Linux ce a cikinta.

Ashe ke nan saƙon wasa yakan bi hannu huɗu kafin ya iso allo: daga wasan zuwa Proton, daga Proton zuwa Vulkan, daga Vulkan zuwa direban katin hoto, sa'an nan katin kansa. In ɗaya ya saki, wasa ba zai tashi ba. Gyara kuwa shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya har a gano inda igiya ta tsinke.

Fara Da Katin Hoto

Nan ne laifi ya fi yawa. Masu katin AMD ko Intel suna samun direbansu cikin tarin manhajar da ake kira Mesa, wadda takan zo tare da Linux. Masu Nvidia kuwa sai sun sa direban kamfanin da kansu, gama wanda ke zuwa da farko, mai suna nouveau, sau da yawa ba ya ɗaukar manyan wasanni. Har ila yau, in tsarin tsaron kunna na'ura da ake kira Secure Boot yana aiki, yakan hana direban Nvidia tashi muddin ba a sa masa hannu ba. A buɗe tagar umurni a rubuta vulkaninfo. In sunan katin ya fito, an haye wannan mataki.

Akwai kuma wasanni masu yawa na dā waɗanda aka gina a kan tsarin bit 32, ko da yake na'urorin yanzu na bit 64 ne. Irin waɗannan suna bukatar a sa musu direba na bit 32 daban. Rashinsa kan sa wasa ya mutu shiru.

Mai tsohuwar na'ura ya lura da wannan. Tun daga fitowa ta 2.0 a watan Nuwamba na 2022, DXVK na bukatar Vulkan 1.3. Katin Intel HD 3000 na 2011 ba ya jin Vulkan sam, waɗanda suka biyo shi kusa kuwa rabi da rabi suke ji. Dabara a nan ita ce a zaɓi tsohon Proton, kamar na 7, ko kuwa a shiga wurin umurnin tashi na wasan a rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% don a bi ta tsohuwar hanyar OpenGL. Gudu zai ragu, amma wasanni marasa nauyi sukan tashi.

Faifan Ajiya

Mutane da dama sukan bar Windows da Linux a na'ura guda, su ajiye wasanni a ɓangaren faifai na Windows mai tsarin NTFS don tsimin data. Wannan yakan jawo wahala. Proton yakan gina wa kowane wasa wani ɗan ɗaki mai kama da Windows, da sunayen fayil da mahaɗai waɗanda ba sa zama daidai a kan NTFS. Bugu da ƙari, in Windows ta kwanta da tsarinta na saurin tashi, takan bar faifan a kulle, Linux ta iya karantawa amma ba ta iya rubutu. Abin da ya fi shi ne a mai da wasannin ɓangare mai tsarin ext4. Kwafa kawai za a yi, ba sai an sake saukewa ba.

A ƙasarmu kuma akwai batun ɗauke wuta. In lantarki ya yanke ana cikin saukewa, fayil yakan lalace. Steam na da maɓallin tantance fayilolin wasa, wanda zai duba duka ya sake sauke abin da ya ɓaci kaɗai. Idan ɗan ɗakin nan na Proton ne ya lalace, yana cikin jakar compatdata, da lambar wasan a kansa. Goge shi zai sa a gina sabo. Amma fa a kwafe shi tukuna, domin waɗansu wasanni a ciki suke ajiye inda mutum ya tsaya, kuma wahalar watanni tana iya tafiya a banza.

In duk an yi waɗannan abin ya faskara, a rubuta PROTON_LOG=1 %command% a wurin umurnin tashi, a sake dannawa. Za a sami fayil mai sunan steam da lambar wasan cikin babbar jakar mai na'ura. Layukan ƙarshe sukan nuna abin da wasan ya nema ya rasa. Wannan shi ne abin da masani zai fara tambaya in an kai masa kuka. A kuma riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ana gwadawa, don a san wanne ne ya yi magani.

Inda Ba Magani

Akwai wasannin da ko an kwana ana gyara ba za su tashi ba, domin masu su ne suka rufe ƙofa. Wasannin gasa ta intanet suna zuwa da manhajar kama maguɗi, wadda takan kutsa har cikin zuciyar Windows tana gadi, kuma Proton ba shi da ikon fassara wannan. A watan Satumba na 2021 aka sanar cewa biyu daga cikin manyansu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, za su yi aiki da Proton, amma sai mai wasa ya ga dama ya buɗe. Masu Fortnite ba su buɗe ba. Valorant ma ba ya tashi. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, tun daga FIFA 23 na 2022, ya zo da nasa mai gadin wanda ba ya karɓar Linux. Apex Legends kuwa ya yi aiki a dā, sai a ƙarshen 2024 masu shi suka toshe. Duk wanda ya nemi zagaye wannan gadi yana iya jawo a rufe masa asusu, kuɗinsa kuma ya tafi.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan wasan a ProtonDB, inda masu Linux ke ba kowane wasa daraja bisa ga abin da suka gani. Wanda kuma ya riga ya saya, ya sani cewa ƙa'idar Steam ita ce mai da kuɗi in an nema cikin kwana 14 kuma ba a yi wasan ya kai sa'a 2 ba. Sai a sa ido ga agogo, gama lokacin da aka ɓata ana gwaji yana iya shiga lissafi. Mai shagon wasanni da ke cin abinci da ƙwallon ƙafa ya fi kowa bukatar wannan bincike kafin ya sauya manhajar na'urorinsa, don kada ya wayi gari samari sun cika shago allo kuma ya ƙi kawowa.