Tajuj da Muhallaƙ: Soyayyar da Rashin Kunya Ya Kashe

Duk wanda ya daɗe yana kasuwanci a Suƙ Libiya da ke Umbadda ya taɓa jin Basudane yana yabon kyan mace ya ce kamar Tajuj. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san yadda labarinta ya ƙare.

Tajuj 'yar ƙabilar Hamran ce, mutanen gabashin Sudan, wajen kogin Setit. Muhallaƙ ɗan'uwanta ne, jarumi kuma mawaƙi, ya so ta har aka ɗaura musu aure. A farkon shekarun 1930 Khalid Abu Rus ya mayar da labarin wasan kwaikwayo cikin waƙe da Larabcin Sudan, aka nuna shi a Omdurman. Usman Muhammad Hashim ya rubuta shi littafi a 1948, daga baya Jadallah Jubara ya yi fim ɗinsa.

Abin da ya raba su ba kishiya ba ce, ba talauci ba ne. Wata rana son kyanta ya rufe wa Muhallaƙ ido, ya nemi ta tuɓe ta yi tafiya a gabansa. Ga 'yar gidan mutunci wannan cin fuska ne. Ta ce ta yarda, amma sai ya yi alkawarin ba ta duk abin da ta roƙa. Ya yi alkawari bai tambayi ko mene ne ba. Da ta gama, sai ta ce: saki nake so. Ba yadda ya iya, tunda namiji ba ya magana biyu. Ya sake ta, ya bi daji yana waƙarta har baƙin ciki ya kashe shi. A wata ruwayar, ita ma an kama ta a yaƙi, mayaƙa suka fara rigima a kanta, wani dattijo ya kashe ta don a zauna lafiya.

To, 'yan'uwa, me ya shafe mu? Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, gidaje da dama na Umbadda sun watse: maigida yana Fot Sudan ko Kano, uwargida da yara suna Kasala ko Gadarif a gidan dangi. Aure ya koma kan waya. A irin wannan hali ne fushi ke saurin kawo baƙar magana, wani ya yi wa matarsa gori a gaban 'yan'uwanta, wani ya rantse da saki kan kuɗin da bai kai buhun dawa ba.

Muhallaƙ bai rasa so ba, girmamawa ya rasa. Ɗan kasuwa ba ya sa hannu a takarda bai karanta ba; kada ya yi wa aurensa abin da ba zai yi wa hajarsa ba. Magana zarar bunu ce. Kafin ka aika saƙon murya cikin fushi yau da daddare, saurare shi sau ɗaya tukuna.