Inda Ɗalibin Tarihin Zane Zai Samu Kayan Bincike

Mai nazarin zane da sassaƙa yana buƙatar hoton aikin, da kuma abin da masana suka rubuta a kansa. Rumbun JSTOR, da aka kafa a Amurka a 1995, yana tara mujallun ilimi, yanzu ma hotunan wani rumbun mai suna Artstor sun koma cikinsa. Sai dai yawancin kayansa ba sa buɗuwa sai laburaren jami'a ya biya kuɗi.

Wanda bai samu wannan gata ba kada ya karaya. A ganina ya fara da gidan tarihin Metropolitan na birnin New York, wanda a 2017 ya saki hotuna wajen 375,000 kyauta. Shafin Getty Research Portal kuwa tsofaffin littattafan fannin yake bayarwa a karanta, ba ko kwabo.